Gini ya tsage, wa za a kama? Abin da ke rage ingancin aikin masu zanen gini a Katsina

Duk sanda aka ji bene ya rufta, ko sabon ajin makaranta ya tsage tun bai shekara ba, ko iskar farkon damina ta kwashe kwanon jerin shaguna, tambayar farko a majalisa da Facebook ita ce: wa ya zana shi? Daga nan sai a yanke hukunci, wai masu zanen ginin ƙasar nan takarda kawai suka tara. Su kuma idan ka zauna da su, ce maka za su yi galibin gine-ginen da ake kuka da su ko ƙofarsu ba su taɓa takawa ba.

An yi wannan muhawara ranar 1 ga Nuwamban 2021, da bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas ya hallaka fiye da mutum 40, har da mai ginin. An sake yi a Agustan 2022 da wani bene da ake kan ginawa ya faɗi a titin Beirut na Kano, sannan a Yulin 2024 da ginin wata makaranta a Jos ya rufta wa ɗalibai, aka rasa rai 22. Katsina ba garin dogayen benaye ba ce, amma duk mai bin hanyar Kano, ko ta Dutsin-ma, ko ta Daura, yana ganin yadda filaza mai hawa biyu da uku ke tsirowa. Saboda haka tambayar tamu ce: me ke sa aikin akitek, wato mai zanen gini, ya yi kyau ko ya lalace a ƙasa irin tamu, kuma nawa ne daga ciki yake hannunsa?

Wane ne akitek, kuma ina iyakar aikinsa

A wurin gini kowa injiniya ne, daga mai riƙe da takarda har mai riƙe da cebur, kuma daga nan ruɗanin ya faro. A doka hannuwa ne daban-daban. Akitek shi ke tsara ginin: ina ɗaki, ina ƙofa, ta ina iska da haske za su shiga, ina ruwan sama zai bi, ta ina mutane za su fita idan gobara ta tashi. Injiniyan gini shi ke lissafin nauyi, ya faɗi zurfin fandisho, kaurin ginshiƙi da yawan rodi. Ƙwararren magini shi ke tafiyar da aikin a fili. Akwai kuma mai ƙiyasin kuɗi da kaya. Kowannensu da hukumarsa: ARCON ta masu zane, wadda doka ta 10 ta 1969 ta kafa, COREN ta injiniyoyi, tun 1970, CORBON ta magina, tun 1989. Ƙungiyar masu zanen kuwa, NIA, an kafa ta a 1960.

Kafin mutum ya amsa sunan akitek a doka sai ya yi digiri na farko, ya ƙara na biyu, ya yi aƙalla shekara 2 a ƙarƙashin wanda ya riga shi rajista, ya ci jarrabawar ƙwarewa, sannan ARCON ta sa sunansa a littafi ta ba shi hatimi. Wanda ya yi difloma a kwalejin kimiyya da fasaha ya iya zane, wani ma hannunsa ya fi na mai digiri faɗawa, amma matsayinsa na mataimaki ne har sai ya cika waɗancan sharuɗɗa. Kuma ba za a ce sana'ar baƙuwa ce a Arewa ba. Sashen koyar da ita mafi daɗewa a Najeriya yana Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Tsohon mataimakin shugaban ƙasa Namadi Sambo akitek ne, haka Ahmed Musa Dangiwa, ɗan Kankiya, da aka naɗa ministan gidaje a 2023.

Ke nan idan ginshiƙi ya karye, wanda za a fara nema shi ne mai lissafin rodi da wanda ya zuba kankare. Amma akitek bai fita ba, domin a tsarin aiki shi ne jagoran tawagar, shi ya kamata ya ce wa mai gini wannan aiki ya fi ƙarfina ni kaɗai, a kawo injiniya.

Aiki mataki uku ne, mu ɗaya muke saye

A ganina nan ne gizo ke saƙar. Aikin akitek mataki uku ne. Na farko ya zauna da kai ya ji buƙatarka, ya je ya ga filin, ya fitar da zanen gwaji. Na biyu ya yi cikakken zanen aiki, mai awon kowane bango da taga da matakala, a haɗa da na injiniya da na wuta da ruwa. Na uku ya riƙa zuwa wurin gini yana duba ko abin da ke takarda shi ake yi a ƙasa.

Yawancinmu a farkon mataki na biyu muke tsayawa. Alhaji ya sayi fuloti ƙafa 50 a 100, ya ga hoton wani gida a waya, ya tura wa yaron da ya iya kwamfuta ya ce irin wannan nake so. Bayan kwana kaɗan a kawo masa shafi uku da hoto mai kala, har da mota a ƙofar gida da ciyawa shar. Ya biya, a yi sallama. Daga ranar takardar ta koma hannun birkila. Tamkar tela ne ya auna ka ya yanka yadi, ka karɓe ka kai wa wani ya ɗinka, rigar ta fito a karkace ka dawo kana zagin mai awo.

Kuma gini a nan ba a rana ɗaya ake yinsa ba. Ma'aikaci na iya shekara bakwai yana tara bulo. A kai linta a tsaya, damina biyu ta wuce a kansa, a dawo da sabon birkila wanda bai taɓa ganin zanen ba. A tsakani an ƙara aure, sai a tsaga falo a fitar da ɗaki. Shago ya yi daraja a layin, sai a fasa bangon gaba. Mafi haɗari shi ne a ce tunda fandisho ya yi ƙarfi bari a ɗora bene, alhali an haƙa shi ne don gidan ƙasa. Ginin da aka gama bai haɗa komai da wanda aka zana ba, amma sunan mai zane na nan a takarda.

Abin da ya faru a Ikoyi ya nuna haka ko a manyan ayyuka. Kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya rubuta takardar janyewa tun 2020, yana cewa ba zai iya tsaya wa ingancin abin da ake ci gaba da yi ba. Aka ci gaba da gini ba da shi ba.

Kuɗin aiki da hatimin haya

Akwai ma'aunin kuɗin ƙwararru da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 1996, wanda ya ba akitek abin da bai kai kashi 5 cikin 100 na kuɗin ginin ba, kuma kason na raguwa idan aikin ya girma. Ko wannan ɗin, mai gina gidan kansa ba ya son ji. Mutum zai kashe miliyoyi a tayil da ƙofar Turkiyya, amma ka ce ya ba mai zane dubu ɗari biyu sai ya ce a kan takarda? Dalilin a fili yake: siminti ana ganinsa a tsakar fili, tunani ba a gani.

To mai zanen da aka biya kuɗin cefane me zai yi? Ba zai je ya ga filin ba. Zai buɗe kwamfuta ya ɗauko zanen da ya yi wa wani a Kaduna, ya sauya suna ya miƙa. Ba zai san filin gangare ne ba, ko tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, ko gabansa yamma yake kallo. Zai karɓi aiki goma a wata don ya ci abinci, babu wanda zai samu hankalinsa gaba ɗaya.

Nan kuma laifin 'yan sana'ar ya shigo, kuma bai kamata a rufa masu ba. Akwai masu rajista da ke ba da hayar hatimi. Wani ya yi zane, a kawo masu su buga su sa hannu a karɓi ɗan abin da aka karɓa, ba su buɗe shafi na biyu ba. Hukumar da ke ba da izinin gini ta ga hatimi ta amince. ARCON ta ɓullo da lambar rajistar kowane aiki don a riƙa bin sawun zane zuwa ga mai shi, dabara ce mai kyau, amma tana aiki ne kawai inda jami'in da ke karɓar takarda ya nace sai ya ga lambar. Akwai kuma waɗanda suka ga zane ba ya kawo kuɗi suka koma kwangila: shi ya zana, shi ke sayen kaya, shi ke ginawa, shi ne kuma mai duba kansa. Duk rodin da ya rage ribarsa ce. Ko waliyyi ne, wannan tsari jarrabawa ce.

Ranar zuba dekin

Wanda ke son ya ga inda inganci ke mutuwa, ya je wurin gini ranar zuba dekin. Tun da asuba leburori sun yi layi da kwanon kai, ana cuɗa kankare da cebur a ƙasa. Takarda ta ce awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Da hantsi haka ake yi. Zuwa azahar mai gida ya leƙa ya ga buhuna sun ja baya, ya yi tsaki, sai baro ya fara cika da yashi har yana zuba. Ana ƙara ruwa don kankaren ya yi saurin bin katako, alhali yawan ruwa shi ke kashe masa ƙarfi. Rodin da aka rubuta mai kaurin milimita 16 an sayo mai 12, wanda ya kamata ya zauna a tsakiyar kankare kuma leburori sun tattake shi ya kwanta a kan katako. Idan ka yi magana, birkila ya ce, "Ranka ya daɗe, tun ba a haifi mai takardar nan ba nake wannan aiki."

La'asar na yi an shafe sama sumul, babu wanda zai sake ganin abin da ke ciki. Kankare na son a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. A Katsina da ruwan ma a hannun 'yan garuwa ake saye, ga rana mai busar da komai, sau da yawa kwana biyu ake yi a bari. Mai katako kuma yana matsawa a cire masa kayansa zai kai wani aiki.

Tsadar kaya ta ƙara dagula lamarin. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin Naira a watan da ya biyo, buhun siminti da ake saye wajen Naira 5,000 ya haura 10,000 a farkon 2024. Ƙiyasin da aka yi da rani ya zama tarihi kafin kaka. Wanda kuɗinsa ya gaza ba ya rage girman gida, abin da ido ba ya gani yake ragewa. Masu buga bulo su ma haka, shi ya sa za ka ɗauki wani ya marmashe a hannunka. Zuwan akitek ko injiniya na awa biyu a irin wannan rana ya fi shafi ashirin na zane amfani, kuma shi ne abin da ba a biya.

Ga kuma matsalar da ta zama tamu ta musamman. Manyan kamfanonin zane suna Abuja, Kaduna da Kano. Idan aikin yana Batsari, Safana, Jibiya ko Faskari, a shekarun nan na 'yan bindiga ba kowane ƙwararre ke yarda ya kama hanya ba. Sai duba aiki ya koma hotuna ta WhatsApp, kuma ɗan kwangila ya san kusurwar da zai ɗauka.

Zanen da bai san zafin Katsina ba

Gini na iya tsayawa daram shekara hamsin, amma zanensa ya zama marar inganci. Wannan ɓangaren ba a cika magana a kansa ba, saboda ba ya kashe mutum nan take, sai dai ya hana shi barci.

A watan Afrilu da Mayu zafi a nan na haura digiri 40. Shiga sababbin unguwanni ka ga abin da ake ginawa: bangon bulo inci 6, manyan tagogin gilashi masu kallon faɗuwar rana, kwano mai duhun kala, tsakar gida an malale ta da siminti babu ko darbejiya ɗaya. Tagar ma mai zamewa ce, rabinta kaɗai ke buɗuwa. Irin wannan gida an zana shi ne da zaton akwai wuta dare da rana. Da an ɗauke, masu gida su kwaso tabarmi su fito waje. Abin da ɗalibin aji biyu a sashen zanen gini ya sani ne cewa a ƙasa mai zafi dogayen ɓangarorin gida su kalli kudu da arewa, a rage taga ta yamma, a sa wa kowane ɗaki mashigar iska da mafita, a saki bakin rufi ya yi wa bango inuwa. Ba ya cin ƙarin kuɗi, tunani yake ci. Amma mai gida hoton Dubai ya kawo, mai zane kuma yana tsoron kada aikin ya kuɓuce.

Magabata sun san wannan ba tare da digiri ba. Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin mita 15, da ƙasa aka gina ta, kuma ta ga ƙarnuka. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 tana nan. Wanda ya taɓa shiga soro a tsohon gida cikin birni ko a Daura da tsakar rana ya san sanyin da bangon tubali mai kauri da rufin azara ke bayarwa. Maginan da sun san hadari daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon gabas ya fi samun kulawa da makuba, kuma indararo yana jefa ruwa nesa da gindin bango. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau ana kai ɗalibai su ga aikinsa. Ba cewa nake a koma ginin ƙasa gaba ɗaya ba, yana son yaɓe duk shekara kuma azara ta yi wuya. Abin takaicin shi ne ɗalibi ya je ya ga wannan ilimi don jarrabawa, ya fito ya ajiye shi a makaranta.

Haka zancen zaman iyali. Gidan Bahaushe yana son zaure ko abin da zai tsaya a madadinsa, don baƙo namiji kada ya ratsa cikin gida. Mai mata biyu yana son ɓangarori daidai wa daida, in ba haka ba mai zane ya shuka rigimar da ba ta ƙarewa. Ana son wurin girki da gawayi ko itace a waje, wurin ɗaure ragon layya, wurin tanki. Ana kiyaye kada masai ya fuskanci alƙibla, kada tagar bene ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. Mai hangen nesa har rabon gado yake tunawa, ya tsara gidan yadda zai rabu ba sai an rushe ba. Akitek nagari sai ya yi waɗannan tambayoyi, kuma in da hali a ji ta bakin uwargida, tunda ita ke wuni a ciki. Sau nawa ake tambayarta?

Doka tana nan, mai bin sawu ne babu

Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, sai dai ba ya cizo sai jiha ta mai da shi dokarta, domin tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Dokar inshora ta 2003, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2025, ita ma ta wajabta inshora ga ginin da ya wuce hawa biyu tun ana kan gina shi. Tambayi masu filaza nawa suka taɓa jin haka.

Hukumar tsara birane ta jiha ita ke ba da izini, amma garin ya fi ma'aikatanta gudu. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1987 Katsina ke faɗaɗa, rashin tsaro kuma ya turo jama'a daga ƙauyuka. Filayen awon igiya sun yawaita, babu hanyar kirki, babu magudana, wasu a kan hanyar ruwa. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, da ta ci fiye da mutum 40, ta nuna abin da ruwa ke yi idan ya tarar da gidaje a hanyarsa. A irin wannan wuri ko gwanin duniya ne ya zana gida, unguwar ta riga ta kayar da shi.

Aikin gwamnati kuwa nasa ciwon daban. Zane ɗaya na ajujuwa ko asibitin karkara ake rabawa ko'ina, ba ruwan kowa da cewa ƙasar Daura rairayi ce, ta wajen Funtuwa kuma ta fi laka da ruwan sama. Kwangila ta bi hannu biyu ko uku kafin ta kai ga mai yi. Ƙwararren da ke duba aiki ya yi watanni ba a biya shi ba, har ya zama ɗan kwangilar da yake dubawa shi ke zuba masa mai a mota. Daga nan bakinsa ya mutu.

Abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya yi

Hujjar masu gini ba ta banza ba ce. Suna cewa ƙwararru na da tsada, suna da ɗaga kai, suna magana da Turancin da ba a ganewa, ga birkila nan kusa mai sauƙin sha'ani. Gaskiya ne kuma malamin firamare mai ɗaki biyu da falo ba zai iya biyan cikakken kaso ba. 'Yan sana'ar ma ya kamata su sauko su fitar da tsarin da ya dace da aljihun irin wannan mutum, maimakon jiran aikin gwamnati.

Akwai tsaka-tsaki. A yi yarjejeniya a rubuce, a biya kuɗin zane, sannan a biya kuɗin zuwa a ranakun da kuskure ba ya gyaruwa: ranar fitar da awon gida a ƙasa, ranar da aka gama haƙa kafin a zuba fandisho, ranar da aka ɗaure rodi kafin kankare ya rufe shi, da ranar ɗaura katakon rufi, don a ga an ɗaure shi da ƙarfe a jikin gini ba ɗora shi kawai aka yi ba. A nemi lambar rajistar mai zane, wanda ke da ita ba ya jin haushin tambaya. Idan akwai niyyar bene ko nan da shekara goma ne, a faɗa tun yanzu a haƙa fandishonsa. Duk abin da ya kai ga dekin kuwa, zanen akitek kaɗai bai isa ba, sai da na injiniya mai rajistar COREN. Kuma wanda ya zana kada ya zama shi ne mai sayen kaya in ba akwai wani ido a kansa ba.

Masu haya da iyayen yara 'yan makarantun kuɗi da ke cikin benaye su ma akwai abin lura. Siririyar tsaga a fuskar fulasta ba abin tashin hankali ba ce. Amma tsagar da ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa tana ƙara buɗewa, ko ƙofar da ta daina rufuwa haka kawai, ko dekin da ya yi ciki, ko kankaren da ke ɓarewa rodi mai tsatsa ya bayyana, waɗannan injiniyan gini ake kira masu, a kuma sanar da hukumar tsara birane. Mai fulasta zai toshe tsagar ya shafa fenti, motsin da ke ƙasa kuma ya ci gaba.